Yadda Ake Mara wa Ƙungiyar Makaranta Baya Daga Sashen Ɗalibai a Wasan Zari-Ruga na Amurka

Ɗalibin da ya tashi a Kano, Maraɗi ko Kumasi, sannan ya sami kansa a makarantar sakandare a Amurka, ko dai saboda iyayensa sun koma can da zama ko kuma ta hanyar shirin musayar ɗalibai na YES wanda majalisar dokokin ƙasar ta kafa a shekarar 2002, ba zai yi mako biyu ba sai an tambaye shi ko zai je wasa ranar Juma'a. Wasan da ake nufi shi ne wanda Amurkawa ke kira futbol, mu kuma muka fi saninsa da zari-ruga irin ta Amurka, mai ƙwallo kamar ƙwai da 'yan wasa sanye da kwalkwali. Kakarsa tana farawa ne a ƙarshen Agusta, ta kai Nuwamba, ƙungiyoyin da suka yi nisa a gasar jiha kuma su shiga Disamba. Daren Juma'a na makarantun sakandare ne, har ma wata dokar tarayya ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 1966, ta taƙaita nuna wasannin ƙwararru a talabijin a wannan daren cikin kaka domin kada su janye 'yan kallo daga filayen makarantu. A garin Allen na jihar Texas, filin makarantar sakandare guda ɗaya da aka buɗe a 2012 yana ɗaukar mutum 18,000, kuma ya ci kusan dala miliyan 60. Wannan ya isa ya nuna maka matsayin abin a wurin mutanen.

A kowane irin wannan fili akwai wani ɓangare na benci da aka keɓe wa ɗalibai, wato sashen ɗalibai, galibi kusa da inda 'yan badujalar makaranta ke zama. Wanda ya shiga wurin aiki ya zo yi, kamar yadda makaɗa da 'yan amshi ke aiki a filin dambe, kuma aikin yana da ƙa'ida da lokaci. Ga yadda ake yinsa.

Mataki na farko shi ne ka koyi dokar wasan daidai gwargwado kafin ranar, domin wanda bai san abin da ke faruwa a fili ba, ihunsa zai iya cutar da ƙungiyar da ya zo taimaka wa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, sannan a kowane ƙarshe akwai gida mai yadi 10, wanda kai ƙwallo cikinsa shi ne babban burin wasan. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci gaba da yadi 10. Idan ta cika yadin, sai a sake ba ta sababbin yunƙuri huɗu. Idan ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Saboda haka ne yawanci idan yunƙuri uku suka wuce ba a cika ba, a na huɗu sai su doka ƙwallon da ƙafa zuwa nesa, don kada abokan hamayya su fara nasu harin daga kusa. Shiga gidan abokan karawa da ƙwallo, wanda ake kira tacdawun, maki 6 ne. Bayansa ana ƙara maki 1 idan an buga ƙwallo ya ratsa tsakanin sandunan nan biyu masu tsayi, ko maki 2 idan an sake kutsawa gidan da shi. Bugun da ya ratsa sandunan a tsakiyar wasa, ba tare da an shiga gida ba, maki 3 ne. Akwai kuma maki 2 da masu tsaro ke samu idan suka kayar da mai ƙwallo a cikin gidansa, amma wannan ba kasafai ake ganinsa ba.

A matakin sakandare ana raba wasan zango huɗu, kowanne minti 12, wato minti 48 ke nan, amma da yake agogo yana yawan tsayawa, za ka shafe fiye da awa biyu a filin. Ka saba da duban wurare biyu: allon maki, wanda ke nuna yunƙuri na nawa ake ciki da yadin da ya rage, da kuma bakin fili, inda wasu mutane ke riƙe da sanduna biyu da aka haɗa da sarƙa mai tsawon yadi 10, da wata sanda ta uku mai ɗauke da lambar yunƙurin. Alƙalin wasa idan ya ɗaga hannayensa biyu sama, an ci maki. Idan ka ga an jefa ƙyalle ruwan ɗorawa a ƙasa, an yi laifi, kuma yana da kyau ka dakata da murna har sai an faɗi wanda ya yi shi, domin sau da yawa ana soke tacdawun ɗin da jama'a suka riga suka yi wa tsalle.

Mataki na biyu shi ne shirin tufafi, kuma yana farawa tun tsakiyar mako. Shugabannin sashen, waɗanda galibi 'yan ajin ƙarshe ne, suna sanar da shigar da za a yi a shafin Instagram na sashen ko ta lasifikar makaranta da safe. Wani makon kowa fari zai sa, wani makon baƙi, wani kuma launin makaranta ko launukan tutar Amurka, a watan Oktoba kuma makarantu da yawa suna keɓe dare ɗaya na ruwan hoda domin wayar da kai a kan kansar mama. Manufar ita ce 'yan wasa su ɗaga kai su ga bango guda mai launi ɗaya, don haka ko da riga ɗaya ce ko hula ko mayafi, ka nemi launin ka sa. Ba sai ka kashe kuɗi mai yawa ba. Aro daga abokin aji ko shagon gwanjo ya wadatar. Ɗaliba mai sa hijabi ba ta da abin damuwa, domin hijabi mai launin daren ya cika sharaɗi, har ma ya fi fitowa daga nesa. Idan shigar da aka zaɓa ta saɓa wa tarbiyyarka, kamar wadda ake tuɓe riga a shafa fenti a ƙirji, ka ɗauki launin kawai ka bar sauran. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya sayar da mutuncinsa don ya shiga taro ba, kuma gaskiyar magana babu mai tilasta maka.

Sanyi ne abin da baƙo ya fi rainawa. Bencin filayen na ƙarfen alminiyom ne, a buɗe yake, kuma a jihohin arewa irin su Minesota, Mishigan da Ohayo, daren Oktoba da Nuwamba yana iya sauka zuwa ma'aunin da ruwa ke daskarewa. Wanda bai san wani sanyi da ya wuce na hunturu ba, ya sa riguna biyu ko uku a ƙarƙashin rigar launin, da safa mai kauri, safar hannu da hular sanyi. Takalmi ya zama rufaffe mai igiya, saboda tsayuwa za ka yi dukan daren, ana kuma yawan taka ƙafa. Ka bincika batun tikiti da wuri, domin makarantu da yawa yanzu ta waya suke sayar da shi ba sa karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, wasu kuma suna barin ɗalibi ya shiga da katin shaidarsa idan ya biya kuɗin wasannin shekara. Filaye da yawa ba sa yarda da jakar goyo, sai jaka mai shara-shara da ake ganin abin da ke ciki, kuma a wurare da dama idan ka fita ba ka sake shiga.

Mataki na uku ya shafi sallah da abinci, kuma ɗalibi Musulmi ya tsara shi kafin ya bar gida. Ana yawan take wasa da ƙarfe 7 ko 7:30 na yamma. A watan Satumba wannan yana cin karo da magariba a wurare da yawa, amma zuwa Nuwamba, bayan an mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin farko ta watan, rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe 5. Ka duba lokacin a wayarka, ka tafi da alwala, ka kuma nemi malamin da ke kula da sashen tun da wuri ka gaya masa kana bukatar wuri mai tsabta na minti biyar. Ka roƙi aboki ya riƙe maka gurbinka. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar: a garin Dearborn na Mishigan, makarantar Fordson, wadda yawancin 'yan wasanta Musulmi ne, ta mayar da atisayenta cikin dare a azumin 2010. Game da rumfar abinci, tsiran da ake sawa cikin burodi da naman da ke kan fiza sukan ƙunshi alade, don haka ka tambaya, ko ka tsaya a kan gugguru, soyayyen dankali da koko mai zafi na cakulan. Mafi sauƙi dai ka ci abinci a gida.

Mataki na huɗu shi ne isa da wuri da sanin gurbinka. Ka je kamar minti 45 kafin a fara, ko awa guda idan wasan hamayya ne da makarantar maƙwabta ko kuma daren dawowar tsofaffin ɗalibai, wanda ake naɗa sarki da sarauniyar makaranta a hutun rabin lokaci. Sashen yana da tsarin girma da ba a rubuta ba: 'yan aji 12 ne a layin gaba, 'yan aji 11 a bayansu, sai 'yan aji 10, sannan 'yan aji 9 can sama. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, tun da ya san ba a zama a shimfiɗar yaya. Idan manya suka jawo ka gaba saboda kai baƙo ne, ka karɓa da godiya, amma kada ka kai kanka. Ka kuma tabbata ɓangaren makarantarku ka shiga, domin baƙi suna da nasu benci a ɗaya gefen filin. Kafin a fara za a rera taken ƙasar Amurka. Kowa zai miƙe ya fuskanci tuta, maza su cire hular wasa. Kai da ba ɗan ƙasa ba, tsayuwa cikin natsuwa ta isa, ba dole ne ka rera ko ka ɗora hannu a ƙirji ba.

Mataki na biyar, wanda shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, shi ne sanin lokacin ihu da lokacin shiru. A ƙwallon ƙafar da muka saba da ita, magoya baya suna ƙara murya ne idan 'yan wasansu suka tunkari raga. A nan akasin haka ake yi. Idan ƙwallo yana hannun ƙungiyarku, jagoran hari, wanda ake kira kwatabak, yana tsayawa bayan layin 'yan wasansa yana kiran wasu kalmomi da lambobi, kuma da muryarsa suke sanin daƙiƙar da za a miƙo masa ƙwallo su zabura tare. Wani lokaci ma yakan dubi yadda masu tsaro suka jeru ya canza dabara nan take da baki. Idan hayaniya ta hana su jinsa, wani zai motsa kafin lokaci, alƙali ya jefa ƙyalle, a mayar da su baya yadi 5. Saboda haka daga lokacin da suka jeru har a miƙa ƙwallo, sashen ɗalibai yana yin tsit, kuma za ka ga shugabanni suna kaɗa hannu ƙasa suna cewa a rage murya. Da zarar ƙwallo ya motsa, an sake ka, ka yi ihu iya ƙarfinka.

Idan kuma ƙwallo yana hannun abokan karawa, wannan matsalar ce kuke so ku jefa su ciki. Tun suna taruwa suna shawara kuke fara hayaniya, ku ƙara ta sa'ad da suka jeru, ku riƙe ta har a miƙa ƙwallo. Ana buga ƙafa a kan benci, ana tafi, ana kiran kalmar difens, wato tsaro, a raba ta gaɓa biyu, a biyo ta da tafi biyu. Wurin da ake zuba dukan ƙarfi shi ne yunƙuri na uku, domin idan masu tsaronku suka hana su cika yadinsu a nan, kusan dole su doka ƙwallon su ba ku. A wasu makarantu ɗalibai kan fito da makullansu su kaɗa a wannan lokacin. Idan hayaniyarku ta sa ɗan wasan baƙi ya motsa kafin lokaci aka ja su baya, wannan yadi 5 ɗin naku ne, ku kuka ciwo shi, kuma 'yan wasanku sun san haka. A ganina babu wani lokaci a dukan daren da ya kai wannan daɗi ga ɗan kallo.

Kirarin kansa bayarwa da amshi ne, tsarin da kunnenmu ya sani tun daga waƙar gaɗa. Tawagar masu zuga, waɗanda ke tsaye a kan hanyar tsere a gaban benci da tufafi iri ɗaya, ko kuma shugaban sashen, su ne ke bayarwa, jama'a su amsa. Kada ka ƙirƙiro naka a makonnin farko. Ka saurara sau ɗaya, ka shiga a na biyu. Akwai waƙoƙi biyu da ya kamata ka haddace: waƙar zuga mai sauri da 'yan badujala ke bugawa duk sa'ad da aka ci maki, da taken makaranta mai sanyi da ake rerawa bayan wasa. Baitocinsu kaɗan ne, kuma galibi suna rubuce a bangon zauren motsa jiki. A lokacin bugun buɗe wasa ana jan murya ɗaya tana hawa har ƙafa ta taɓa ƙwallo, a farkon zango na huɗu kuma sai kowa ya ɗaga yatsu huɗu, alamar cewa zangon ƙarshe nasu ne. Ka yi ihun daga ciki, kada ka matse maƙogwaro, ka kuma riƙa kurɓar ruwa, in ba haka ba muryarka za ta dishe kafin hutun rabin lokaci, alhali a ƙarshen wasa aka fi bukatarta.

Mataki na shida shi ne sanin iyaka. Waɗanda ke cikin filin yara ne 'yan shekara 15 zuwa 18, iyayensu da kakanninsu suna zaune suna ji. Ka zuga naka, amma kada ka kama sunan ɗan wasan baƙi ko lambar rigarsa ka ci masa mutunci, kada kuma ka taɓa launin fatarsa, addininsa, jikinsa ko talaucin unguwarsu. Hukumomin wasannin makarantu na jihohi suna hukunta irin wannan, makaranta tana iya korar ɗalibi daga fili ko ta hana shi zuwa sauran wasannin kaka, ɗalibin musaya kuma yana iya jawo wa kansa matsala da masu kula da shirinsa. Ko babu hukunci ma, wanda shi kansa baƙo ne a garin ya fi kowa sanin zafin a ware mutum a tsakiyar taro. Idan aka ɗauko kirari na batsa ko zagin alƙali, ka kama bakinka. Za ka yi mamakin yadda yake mutuwa da wuri idan layi biyu ko uku suka ƙi amsawa. Kada ka zo da usur, domin 'yan wasa za su ɗauka na alƙali ne su tsaya a tsakiyar karo, wanda hakan yana jawo rauni. Watsa hoda sama, wanda wasu sassan ke yi, makarantu da yawa sun hana shi saboda masu asma da kuma santsin da yake sa wa benci. Jifa da gora ko wani abu cikin fili kuwa ba shi da wani uzuri.

Idan ɗan wasa ya faɗi bai tashi ba, ko naku ne ko na baƙi, nan take ake yin shiru. 'Yan wasa sukan durƙusa a kan gwiwa ɗaya, masu zuga su ajiye kayansu, badujala ta tsaya. Wasa ne na karo, kuma buguwar ƙwaƙwalwa da raunin wuya abubuwa ne da ake tsoro ƙwarai. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hotonsa. Idan ya miƙe ko aka fitar da shi, ɓangarorin biyu suna tafa masa. Haka nan idan aka ga walƙiya ko aka ji tsawa, ana dakatar da wasa a sauko da kowa daga bencin ƙarfe, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a jira minti 30 daga tsawa ta ƙarshe. Ka bi umarnin lasifika ba tare da gardama ba.

A hutun rabin lokaci, wanda yawanci minti 15 ne zuwa 20, jama'a kan watse zuwa rumfar abinci. Ina ba da shawarar ka tsaya ka kalli faretin da 'yan badujala ke yi a cikin fili, domin sun fara atisayen wannan faretin tun hutun bazara, cikin zafin rana, kuma su ne ke raya sashenku da ganga dukan daren. Idan ka tafa musu, ka biya bashi ne.

Mataki na ƙarshe shi ne tsayawa har a tashi. Idan ƙungiyarku tana baya da maki 28 a zango na huɗu, za ka ga bencin manya yana raguwa, amma sashen ɗalibai ba ya tashi, domin a irin wannan lokacin ne koci ke sako yaran da suka shafe kaka suna atisaye ba su taɓa shiga ba, kuma wataƙila ɗayansu abokin zamanka ne a ajin lissafi. Bayan busa ta ƙarshe ƙungiyoyin biyu za su jeru su gaisa, sannan a makarantu da yawa 'yan wasa su zo gaban sashenku, kwalkwali a hannu, a rera taken makaranta tare, ko an ci ko an sha kaye. Kada ka tsallaka shinge ka shiga fili sai idan hukumar makaranta ta ba da izini. Ka tattara sharar da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka nufi inda kuka shirya haɗuwa da wanda zai mayar da kai gida, wanda ya kamata ku tsayar da shi tun da rana, saboda motocin makaranta ba su cika kwasar 'yan kallo da dare ba, kuma ƙananan garuruwa da yawa ba su da motar haya. Ka guji ratsawa ta inda motar baƙi take, musamman bayan wasa mai zafi. Ranar Litinin idan ka haɗu da ɗan wasan a baranda, ka ambata masa wani abu guda da ka ga ya yi, kamar tarewar da ya yi a yunƙuri na uku ko ƙwallon da ya cafke a bakin layi, sannan ka tambayi shugabannin sashen launin da za a sa ranar Juma'a mai zuwa.